Batir Ya Mutu

Aikin da malamin hoto ya ba Junaidu a baki ba shi da wuya: ya je baje kolin wata makaranta, ya kawo hotuna goma na mutanen da ba su san ana ɗaukarsu ba. Duk wanda ya kawo hoton mutum yana zare wa kyamara ido, sai ya maimaita shekara. Junaidu kuwa ya riga ya maimaita sau ɗaya, har yau dangi ba su gama yi masa jaje ba.

Malamin nan dai bai san Gummi, garin su Junaidu, ba.

A firamaren unguwarsu aka yi taron. Yara sun jera gadar kara, da tulun tace ruwa, da irin shinkafa kwano bakwai. An gayyato wani masunci mai suna Bature ya nuna saƙar koma, da Habsu, innar Junaidu, ta nuna kaɗin zare. Junaidu na ɗaga kyamara, hedimasta Malam Lirwanu ya busa usur.

"Mai hoto ya iso! Kowa shi natsu!"

Nan take filin ya ƙame. Yara suka manna hannuwa a cinya, malamai suka gyara hula. Bature ya yar da koma ya nufi gida sako babbar riga. Inna ma ta aje mazari, ta tamke baki kamar an kai ta gaban alƙali.

"Don Allah ku ci gaba da aikinku," in ji Junaidu, "ku yi kamar ba ni nan."

"Kun dai jiya!" in ji hedimasta. "Ku yi kamar ba shi nan!"

Sai suka juya suka ƙame suna kallon bango.

Ya laɓe bayan darbejiya, mata suka nuna shi da yatsa. Ya hau katanga, aka kawo masa tsani da ruwan sha. Kafin azahar ya tara hoto sittin, kowanne sai ka ce na katin zaɓe. Abin ya ishe shi, har ƙwalla ta taru masa. Ya zauna a kan benci, ya saki kyamara a kan cikinsa, ya shara ƙarya.

"Batir ya mutu."

Wayyo, ashe mutanen nan suna da rai! Hedimasta ya cire hula yana zazzaga masa faɗa. Yara suka kaure da kokawa a kan wanda ya karya gada. Bature ya dawo cikin riga mai sitaci, ya ji labari, ya ɗora hannu a ka. Inna ta dube shi ta tuntsire da dariya, zare na wulwulawa a hannunta. Junaidu ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, babban yatsansa yana ta latsawa.

Da la'asar a gida ya kasa haƙuri, ya nuna wa Inna hotunan da ya ɗauka a ɓoye. Nata ne ya fi duka kyau, kuma da shi suka cika goma cif.

"Mi ag ga wanga?" in ji Inna. "Baki buɗe, giɓi waje, kallabi ya zame! Goge shi maza."

"Inna, in na goge shi na faɗi."

"Ka hwaɗi mana, yau ka hwara?"

Ta fizge kyamarar za ta goge da kanta, alhali ba ta san inda ake taɓawa ba. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa.

"Hakanga Innammu taka dariya," ta ce a hankali. "Har ta rasu ba a taɓa yi mata hoto ba."

Ta share gilashin da bakin zanenta, ta miƙa masa.

"Je ka kai ma malamin naka. Amma ka wanko min guda, babba."