Kunamar Bindigar Merle Tackett

Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama Merle Tackett, mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin ɗan sanda a gundumarmu da ke jihar Arkansas ta Amurka. Ya manta hanyar coci, ya manta sunan karensa, matarsa mai suna Wanda ma wani lokaci "baiwar Allah" yake ce mata. Abu ɗaya ne yatsansa bai manta ba, shi ne kunamar ƙaramar bindigarsa.

Kunamar ba ta kamfani ba ce. Tun autarsa Rhonda tana goyo ya cire ta asali, ya sayo wata a kasuwar bindigogi, ya zauna da magagari yana goga har ta yi laushin da yake so. Da ita ya koya wa Rhonda harbin gwangwani a bayan gida. To duk Lahadi, in an gama cin kaza da burodin masara, Rhonda kan duba bindigar sau biyu ta tabbatar ba harsashi, ta miƙa masa. Sai ya auna katanga, ya ja, ta yi ƙas. Nan take fuskarsa ta washe, ya dube ta ya ce, "Ronnie, kin ci abinci?" Minti goma, in an yi sa'a sha biyar, tana da uba. Daga nan sai ya sake ɓace mata.

Tun yana da lafiya ya sa ta yi alkawari cewa ranar da ta sa kaki, bindigarsa za ta rataya, ba wata ba. Aikin ɗan sandan kuwa ya samu. Ta kai bindigar wurin Dwight Purvis, mai kula da makaman ofis, tsohon abokin babanta. Sau ɗaya ya ja kunamar ya girgiza kai. Doka ta canza, mutum na iya riƙe bindigarsa, amma komai na cikinta sai na kamfani. Ya ce in ta harbi wani da wannan, lauyoyi ɗanya za su cinye ta, su ce da gangan aka sassauta.

"'Yata, ko ki bar ta a gida yadda take in ba ki ta ofis, ko in sa mata ta kamfani ki cika alkawari. Zaɓi ɗaya."

Wanda ta ce a bar wa tsoho abinsa, shi da ya karɓi alkawarin ma ya manta. Amma Rhonda kafiya gadonta ta yi, kan nan kamar dutse. Ta ce mutumin da bai san shekarunsa ba, ina zai gane bambancin ɗan ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba? Ai kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ta ce wa Dwight ya canza.

Ranar Lahadi ta zo da kakinta a goge don ya gani. Aka ci kaza, ta duba bindigar, ta miƙa. Ya auna katanga ya ja. Ya sake ja. Sannan ya ajiye ta a tebur a hankali, ya tura mata.

"Ranki ya daɗe, an yi kuskure. Wannan ba tawa ba ce."

"Baba, ni ce Ronnie."

Ya dubi kakin, bai dubi fuskar ba. Cikin ladabi ya roƙe ta, tunda ita hukuma ce, ta taimaka ta nemo 'yarsa ta gaya mata an ɗauke masa bindiga. Wanda ta tashi ta shige kicin. Rhonda ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Washegari da sassafe tana ƙofar Dwight. Allah ya sa bai yar da tsohuwar kunamar ba, tana nan cikin ambulan. Ya mayar da ita, ya ba Rhonda bindigar ofis. Kwana shida ta yi tana ƙirga ranaku.

Ran Lahadi Rhonda ta zo da kayan gida, ba kaki. Ta duba sau biyu, ta miƙa masa. Ta ce ya ja sau ɗaya kawai, don Allah, sau ɗaya.

Merle ya ɗora hannayensa a cinya, ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙo.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Ba na taɓa bindigar mutane."