Kwamitin Ƙafar Maigidana

Shekara talatin da ɗaya ina zaune da maigidana, ban taɓa ganin an kafa kwamiti a kansa ba sai da ciwon suga ya kama shi. Kwamitin ma ba nasa ba ne, na ƙafarsa ne. A asibitin da muke zuwa mutum huɗu aka ɗora wa ƙafar nan: likita, da nas mai gwaji, da wata siririyar mata mai hana mutane cin abin da suke so, sai mai takalmi, wanda aikinsa auna ƙafa da ɗinka mata abin da ba zai matse ta ba.

Maigida tela ne, kekensa na takawa ne, da ƙafar nan ya ciyar da mu ya aurar da 'ya'ya biyar. Tun ranar da likita ya ce suga kan kashe jijiyar ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ciwo ya ruɓe har a kai ga yankewa, hankalina bai sake kwanciya ba. Shi kuwa abin da ya tsinta a duk bayanin shi ne yana da kwamiti. A shago ya ishi masu kawo ɗinki da cewa ko manajan banki bai kai ƙafarsa ta hagu yawan ma'aikata ba.

Duk bayan wata uku nas kan kwantar da shi, ta ce ya rufe ido, ta ɗauko wani siririn tsinken roba ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa wuri goma. Mace ce mai kirki, kullum da tarin makullan ofis rataye a wuyanta. Umarninta ɗaya ne: in ya ji, ya ce ya ji. Maigida bai taɓa faɗuwa ba. Goma bisa goma, sau uku a jere. Mutumin da ko firamare da ƙyar ya haye, sai ga shi yana roƙon a ba shi takardar ya liƙa a bangon shago.

Mai takalmi ne ya yi masa ƙafar ungulu. Ya zura hannu cikin tsohon takalmin maigida don ya ga inda ya cinye, sai ya fizgo hannun yana yarfewa. Allura ce, a kafe cikin shimfiɗar takalmin, tsininta sama. Aka duba diddigen maigida, ga ɗan rami ja ya fara kumburi. Maigida ya karɓi allurar ya jujjuya, ya ce ai tun Litinin yake nemanta, har ya ɗora mini laifin ɗauka. Ranar kuwa Alhamis ce.

Nan take kwamiti ya hallara a ɗaki guda. Nas ta kafe da takardarta, ta ce mai goma bisa goma ba zai yi kwana uku a kan allura ba. Mai takalmi bai tsaya musu ba, yatsansa kawai ya ɗaga, jini na tsatsafowa. Siririyar matar nan ta samu dama ta tambayi maigida ɓurɓushin mene ne a gemunsa, ya ce zare ne, ta ce ba ta taɓa ganin zare mai ƙamshin biskit ba. Likita ya ce a sake gwajin a gabansa.

Maigida ya kwanta ya rufe ido, yana murmushin wanda ya saba cin jarrabawa. Nas ba ta ma ɗauko tsinken ba, bironta ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka, makullan wuyanta suka yi ƙara.

"Na ji," in ji maigida.

Babu wanda ke kusa da ƙafar. Likita ya miƙa hannu ya karɓi makullan, ya tafi can bakin taga ya karkaɗa.

"Na ji. Wannan babban yatsa ne."

Mai takalmi sai da ya dafa bango don dariya. Maigida ya buɗe ido, aka yi masa bayani, amma ko gezau.

"Likita, cewa aka yi in na ji in ce na ji. Ni kuma na ji. Ba wanda ya ce da ƙafa ake so in ji."

Ni ma na yi dariyar har da hawaye. Aka ajiye makullai a aljihun tebur, aka sake gwaji, ya samu biyu bisa goma, biyun ma likita ya ce yana zargin canka ya yi. Aka wanke ramin aka ɗaure, aka hana shi taka keke mako biyu. Mai takalmi ya auna shi, matar abinci ta kwashe biskit huɗu daga aljihunsa. Ni kuma aka naɗa ni ta biyar a kwamiti: kullum da safe in duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu, in wanke in goge, in zazzage takalmi kafin ya saka. Maigida ya ce ya amince, muddin ba ni ce shugaba ba.

Washegari da safe na zaunar da shi a bakin gado, na kawo ruwa mai ɗumi da tawul. Ya ce ɗakin asibitin nan sanyi ya yi masa yawa shi ya sa, in gwada shi yanzu da hannuna in sha mamaki. Ya jingina da bango ya rufe ido.

Na ɗauki ƙafar mai lafiyar na ɗora a cinyata. Tafin ya yi kanta, shekara da shekaru na taka keke. Na danna diddige. Na matsa tsakiya da ƙarfi. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya ina murzawa, na dawo na sake bi. Shi dai yana ta murmushi, idonsa a rufe.

"To, 'yar kwamiti, ki fara mana," ya ce. "Rana tana yi."

Na riƙe ƙafar da hannu biyu.

"Yanzu zan fara," na ce.