Shanyar Amama

Amama tana durƙushe a tsakar gida tana jera na ƙarshe a kan tabarma sa'ad da Dokta Sayibu ya shigo, dafe da kuncinsa na hagu.

"Dokta, ka zo daidai," ta ce, tana share hannu da zani. "Dubi, duka na shanya. Ɗari da hamsin cif, ko ɗaya bai ɓata ba."

Ga su nan layi-layi a hasken ranar unguwar Maamobi, ƙananan fina-finan hoton haƙori, kowanne bai kai akwatin ashana ba. Ta tara baƙaƙen takardun da ta ɓare daga jikinsu a kwano ɗaya, siraran dalmar da ke ciki a wani kwanon, don Amama ba ta zubar da abin da aka saya da kuɗi. Ruwan sama ne ya doki motar kayan a hanyar tashar jirgin ruwa ta Tema, kwalin ya jiƙe sharkaf. Shi Dokta ya tsaya wurin 'yan kwastan yana sa hannu a takardu, ita ta biyo kaya gida. To, abin da ruwa ya taɓa, ai rana ce maganinsa. Haka take yi wa goro, haka take yi wa atamfa, har takardar kuɗi in ta jiƙe a kasuwa.

Sayibu ya daɗe a tsaye yana kallon tabarmar.

"Mma Amama, tun yaushe suke rana?"

"Tun hantsi. Sun bushe paa."

Ya durƙusa a hankali, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya mayar inda yake. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta ce a ranta ciwon kuncin ne ya motsa.

"Sannu da aiki," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Dokta Sayibu ba dokta ba ne a takarda, amma wa ke tambayar takarda in haƙori ya hana shi sakat? Shekara ashirin ya yi yana miƙa wa likitocin haƙori kayan aiki a babban asibiti, har hannunsa ya fi na wasunsu. Da ya bar aiki, sai ya kama ɗaki jikin katangar Amama, ya sa kujera, mutanen unguwannin Nima da Maamobi suka riƙa zuwa da kumburarren kunci suna komawa da auduga a baki. Matarsa ta rasu tuntuni, ba ɗa ba jika. Amama, mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ita ke zuba masa abinci, shi kuma yana biyanta da gyaran Hausa, wai shi jinin Sakkwato ne, ba zai zauna yana jin ana ce wa mace "ya" ba.

Zancen inji ya samo asali ne daga bakin Zuera, 'yar Amama. Dokta ya zo cire mata turmin haƙori, ashe saiwar a lanƙwashe take, ta karye a ciki. Wata uku yarinyar tana fama. Ba wanda ya san abin da ya faru, da ya yi shiru shi ke nan, amma ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar Amama ya ce, "Ni na karya. Da ina ganin ciki, da ban karya ba." Tun ranar ya ƙudurta sai ya mallaki injin da ke ɗaukar hoton haƙori har saiwa.

Ya je banki da babbar riga da hula. Suka ce ya kawo takardar gida. A Maamobi, inda kaka ya kafa langa-langa jika ya gaji langa-langa, wa ya taɓa ganin takardar gida? Amama ce uwar adashen mata goma sha biyu, masu koko da masu kifi da masu turare. Ta tara su ta ce kowacce ta bar masa kwasarta zagaye ɗaya, in inji ya fara aiki a biya su daga kuɗin hoto. Suka yarda, don babu wadda bai taɓa leƙa bakinta ba. Hudu, ɗan ƙanensa da ke share asibitin haƙori a Jamus, shi ya samo tsohon inji ya haɗo da kwalin fim guda.

Shekara biyu aka yi ana wannan hidima, kuma kafin jirgi ya iso, buƙatar ta sauya. Kuncin Sayibu ya kumbura, ba irin na haƙori ba, wani tauri ne can cikin ƙashi. Likitan babban asibiti ya taɓa ya ce zai iya yi masa aiki, amma ba zai yanka a makance ba, sai ya ga hoto. Su kuwa fim ɗinsu ya ƙare wata da watanni. Shekarun ne da sabulu ma sai da layi, iyaka a rufe, kantuna wayam. Don haka duk unguwa ta san mutumin farko da injin zai ɗauka, mai injin ne da kansa.

Kwana biyu bayan shanyar, da aka kawo wuta da rana, Sayibu ya kira ta. Ya naɗe fim ɗaya cikin baƙar takardarsa, ya cusa a bakinsa, ya daidaita kan injin a kuncinsa, ya yi mata nuni ta danna maɓalli daga bakin ƙofa. Ta yi bisimilla ta danna. Ya shiga ƙuryar da ya rufe da bargo, ta ji motsin ruwan wankin hoto. Da ya fito, ya ɗaga fim ɗin sama. Baƙi ƙirin ne, kamar gindin tukunyarta.

"Ina haƙorin?" ta ce.

"Babu. Injin ne, Mma. Teku ta girgiza masa kai."

Amama ta zage Turawa, ta zage jirgi, ta haɗa da Hudu da ya sayo musu gawar inji. Sayibu ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. Ta karɓi baƙin fim ɗin ta ƙulle a bakin zani, wai za ta nuna wa matan adashe shaida.

Daga nan ta shiga fafutuka. Ta ɗauko mai gyaran rediyo daga Nima, Sayibu ya ba shi kuɗin motar torotoro ya sallame shi, ya ce wannan ba rediyo ba ne. Wata safiya kuma ta shigo da gudu, ta bar Zuera a kan tukunya.

"Dokta, wauta muke yi. Asibiti suna da inji ba fim, mu muna da fim ba inji. Zuera ya ce mu kai musu namu."

"Ta ce," ya gyara mata. "Na Jamus ba ya shiga nasu. Girman ba ɗaya ba ne."

"To, me za mu yi?"

"Na rubuta wa Hudu wasiƙa. Sai mu jira."

Jira kuwa suka yi. Wasiƙa zuwa Jamus a lokacin tafiyar hawainiya take yi, ciwo kuma ba ya jiran gidan waya. Kumburin ya sauko wuya. Ya daina cin wake da shinkafa, ya koma koko, daga baya kokon ma sai ta tsinka shi da ruwa ta ba shi a cokali. Masu ciwon haƙori suna zuwa, su ga ƙofa, su ga mai ƙofar, su koma da ciwonsu. Ta sa malamai addu'a, ta sayo saiwoyi a kasuwar Zongo Lane, ta koma asibiti sau uku ita kaɗai tana roƙon likita ya yanka haka nan. Amsar ba ta sauya ba. Amama mace ce da ba ta taɓa rasa dabara ba, ta ciyar da 'ya'ya biyar a shekarar yunwa, amma wannan karon duk inda ta dafa sai ya zame. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Maiturare, ɗaya daga matan adashe, wadda kwasarta ta fi ta kowa, ta zo wata rana ta tsaya a zaure tana jan magana. Amama ta fito ta ce mata, "Mutum yana kwance kina ƙirga kuɗinki na sidi? In ya mutu ki zo ki ci ni." Sayibu ya ji daga ciki. Da ta dawo, ya ce in ta Allah ta kasance a sayar da inji da kujera a biya mata kowa haƙƙinta.

"Wa zai sayi mataccen inji?"

"Za a saya," ya ce.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, tana ba shi koko, ya kawar da cokalin. Muryarsa ta zama sai an kasa kunne.

"Mma, ki yafe mini haƙorin Zuera."

"Wannan tsohon zance? Na yafe tun tuni. Ni ma ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba." Ya kama gefen mayafinta. "Kin ji ko? Ba ki yi komai ba."

Ta ce ta ji. Kafin a kira magariba ya cika, tana riƙe da cokalin.

Hudu bai samu jana'iza ba, sai addu'ar arba'in. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba wainar masa, maza sun watse da hantsi. Hudu ya buɗe ɗakin baffansa, matan adashe suka tsaya a bakin ƙofa don jin makomar kuɗinsu. Ya sa injin a wuta, ya duba nan, ya taɓa can.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Za ku sami kuɗinku, har da ɗori."

"Dokta ya ce teku ya lalata shi," in ji Amama.

"Injin? A'a, Mma. Fim ne ya lalace." Ya zaro wani sabon kwali daga jakarsa ya ajiye a kan kujerar cire haƙori. "Ga wanda ya ce in aiko. Wasiƙar sai da ta yi wata biyu a hanya. Ni abin da na kasa ganewa, ya rubuto wai shi da hannunsa ya ɓare su ya shanya a rana, don kwali ya jiƙe. Mutumin da ya yi shekara ashirin a asibiti. Ai fim ko hasken ashana ya gani, ya mutu. Kuma ruwan ba zai kai ciki ba, takardar waje kawai zai taɓa. Ya ce tsufa ne ya sa shi mantuwa."

Matan suka yi ta jinjina kai, suna Allah ya jiƙan Dokta, ciwo ba abin da ba ya sa mutum. Babu wadda take gidan ranar shanyar. Hannun Amama ya kai bakin zaninta, inda baƙin fim ɗin yake a ƙulle har yanzu. Ta tuna yadda Dokta ya durƙusa gaban tabarma ya ce mata sannu da aiki.

Hudu ya fita raka wasu baƙi, matan suka bi shi suna maganar farashi. Tagar ɗakin a buɗe take, rana ta shigo ta kwanta a kan kujerar, ta fara hawa gefen sabon kwalin. Amama ta cire mayafinta ta lulluɓe shi, ta cusa gefunan a ƙarƙashi ta kowane ɓangare. Sannan ta je ta ja tagar, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar.