Fuskar Dalyop a Jikin Zane

Ba Chundung ce ta kawo shawarar buga zanen ba, wannan kam a yi mata adalci. Aikin Pauline ne, ƙanwar mijinta da ke Kaduna, macen da ko akuyarta ce ta haihu sai ta nemi a yi anko. Da labari ya isa gida a daminar 1982 cewa wani babban kulob na wasan besbol ya ɗauki Dalyop, ɗan yayanta da aka haifa a Amurka, Pauline ba ta ɓata lokaci wajen tambayar mene ne besbol ba. Ta zare hoton yaron daga bango ta nufi masaƙa.

Abin kuwa ya isa a yi murna. Duk watan Yuni manyan kulob na ƙasar kan zauna su zaɓi samari ɗaya bayan ɗaya, daga gwani na gwanaye zuwa ƙasa, har ɗaruruwa. Dalyop a zagayen farko aka kira sunansa, yana ɗan shekara sha takwas. Mai jifa ne. Aikinsa ya tsaya a tsakiyar fili ya wurga ƙwallo da ƙarfin da mai riƙe da sanda ba zai iya dukanta ba, kuma a duk makarantun yankin an rasa yaron da zai iya masa.

Zanen ya iso Lanham, garin da su Chundung ke zaune a Amurka, gab da Kirsimeti, cikin akwatunan wasu ɗalibai. Kore ne shar, da ratsin ruwan ɗorawa, ga fuskar Dalyop cikin da'ira da hularsa da kunnuwan nan nasa fato-fato, a ƙasa an rubuta Mun Gode Allah. Da yake mai zanen masaƙar bai taɓa ganin besbol ba, sai ya kewaye yaron da ƙwallayen ƙafa. Dalyop ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Matan zumunta kuwa ba su ga abin dariya ba, kowacce ta ɗinka nata. Ikilisiyarsu ƙarama ce, mutanen Filato da kudancin Kaduna, yawanci nas-nas da ɗalibai, suna taruwa ran Lahadi da yamma a ɗakin ƙasa na wani cocin Turawa bayan masu wurin sun watse. Ranar godiya matan suka fito da rawa, Dalyop a gaba, Dalyop a baya, Dalyop a kan kowane ɗankwali.

Mijin Chundung, Chuwang, mai haɗa magunguna, shi kaɗai ya so ya ja hankalin mutane. Ya ce zaɓe ba isowa ba ne, matakala ce aka nuna wa yaron ƙasanta. Sai ya fara daga ƙananan kulob na ƙauyuka, yana kwana a bas, yana hawa mataki-mataki, kuma akasarin waɗanda aka zaɓa a hanya suke zubewa. Wa ya saurare shi? Aka ce Baban Dalyop dama can bai iya farin ciki ba.

Shekara huɗu yaron ya yi a kan matakalar nan, bai wuce ta biyu ba. Ba karaya ya yi ba, ba ciwon kafaɗa ba. Chundung nas ce, kuma Allah ya gafarta mata, ta sha fatan a ce ciwo ne, abin da za ta iya taɓawa da hannu ta kira sunansa. Abin da ya faru kawai shi ne, a can kowa gwanin garinsu ne. Jifan da ke razana yaran sakandare, waɗancan ƙarti jiransa suke su ɗirka masa sanda. Aka ce ya koyi jifa mai lanƙwasa, ƙwallon ta ƙi jin maganarsa. A watan Maris na 1986 aka kira shi ofis aka ce an gode.

Bai dawo gida ba. Ya kama ɗaki a Laurel, ya sami aikin lodi a wani sito. Tsakanin Laurel da Lanham tafiya ce da tuwo ba zai huce a mota ba, amma da yana Jos ne da ta fi samun sauƙin haƙuri. Yana bugo waya ran Asabar, ya gaishe ta, ya ce komai lafiya. Ita kuma ta riƙa dafa gwate da ɗan accan da take ɓoyo, ta zuba kwano uku, ta mayar da ɗaya cikin tukunya. Kewarsa ta hana ta sakat. Ba ɗan wasa take nema ba, ba wanda ke jarida ba. Yaron da ke buɗe firji ya tsaya yana kallon ciki kamar talabijin, shi take so ya dawo ta yi masa faɗa.

Da bazara ta wuce, sanyi ya fara leƙowa, haƙurinta ya ƙare. Ranar hutunta ta ɗaure kwano a ɗankwali ta tafi Laurel. Ta same shi lokacin cin abincin rana, zaune a bakin dakalin da tireloli ke ja baya su tsaya. Ya rame, amma kafaɗun suna nan. Ya miƙe ya karɓi kwanon da hannu biyu, yadda ta koya masa.

"Dalyop, me muka yi maka?" ta tambaye shi da Hausa.

Shi kuma ya amsa da Turanci, kamar kullum, don yana ji sarai amma bakinsa ba ya juyawa. "Ba ku yi mini komai ba, Mama."

"To me ya hana ka gida? Me ya hana ka coci?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Na zo ai. Ran Ista. Na sauko matakala har rabi, ana waƙar baiko, anti-anti suna rawa sun ba ni baya." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Mama, yaron nan yana kallona daga bayan kowace anti. Yana ta dariya. Bai san komai ba tukuna. Ni kuma na sani. Sai na juya."

Chundung ta dubi jikinta da sauri. Allah ya taimake ta, siket ta sa ranar.

A hanyar komawa ta yi ta zagin Pauline a zuci, ta zagi masaƙar da ta yi zanen da ya ƙi koɗewa. Shekara huɗu ana wanki, koren nan ko gezau. Ya zama kayan zumunta: biki da shi, suna da shi, gaisuwar mutuwa da shi, har goyo an yi da shi. Kuma in za ta ce a daina ɗaurawa, dole ta faɗi dalili. Tun Maris duk wanda ya tambaye ta sai ta ce yana nan lafiya, aiki ne ya yi masa yawa. Ba ƙarya ba ce, amma ita ma ta san ba gaskiya ba ce.

Ta fara da Lami, shugabar zumunta, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. Ta same ta a kicin tana yanka kuɓewa. Aka gaisa, aka tambayi maigida da yara da aiki da mutanen gida, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda za a ɓuya.

"Maman Martina, Dalyop fa ba ya wasa. Sun sallame shi."

Lami ba ta ko ajiye wuƙar ba. "Tun Maris."

"Kin sani?"

"Maman Dalyop, mazajenmu makafi ne? Suna karanta jarida. Kowa ya sani. Me kike tsammani ya sa muka dage da ɗaura zanen nan kusan kowace Lahadi, har ya ishe mu? Ni kore ma ba ya karɓata. Mun ce kada ki duba ki ga mun cire, ki ce yaro ya faɗi mun juya masa baya."

Chundung ta nemi kujera ta zauna. Wata shida tana ɓoye musu abin da suke ɓoye mata sun sani, su kuma suna korar mata ɗa da ƙauna. Ta yi kuka a kicin ɗin nan, kukan kunya da na godiya a haɗe, Lami na ci gaba da yankan kuɓewa don ta ba ta wuri. Da ta natsu ta faɗi abin da yaron ya ce.

"To, a cire," in ji Lami. "Amma ba zan ba ki nawa ba. Ƙasan akwati zai tafi."

"Kuma don Allah kada kowa ya yi masa maganar ƙwallo. Ko da wasa."

"Bar ni da su."

In Lami ta ce a bar ta da mutane, an gama. Kafin mako ya zagayo ba gidan da saƙon bai shiga ba, daga Lanham har Virginia.

Ya zo wata Lahadi cikin Oktoba, ganyayen bishiyoyi sun yi ja suna zuba. Chundung na zaune a layin mata ta ji motsi a matakala, ba ta waiwaya ba, amma ta san takunsa. Ranar kowa ta sa abin da ta ga dama, shuɗi, ja, leshi, ba kore ko ƙyalle. Bayan sujada aka yi masa caa da gaisuwa. Yaya aiki? Yaya Laurel? Yaushe za a kawo mana amarya? Dattijo Katung, wanda a da tun daga nesa yake ɗaga sandarsa yana kiransa ɗan wasanmu, ya riƙe hannunsa ya ce, "Sannu, samari," ya tambaye shi ko motarsa na shan mai da yawa. Wani yaro ya taho da gudu da ƙwallo a hannu, uwarsa ta damƙe shi ta yi waje da shi. Komai ya tafi daidai yadda Chundung ta roƙa, zuciyarta fari tas.

A gida ta zuba kwano uku, ba wanda ya koma tukunya. Lokacin wasannin ƙarshe na shekara ne, duk tashar da aka murɗa besbol ake yi, don haka Chuwang ya tashi ya kashe talabijin tun kafin a zauna. Ya ci nasa da sauri, ya dafa kafaɗar ɗansa, ya ce zai je ya duba tayar mota. Tayar lafiyarta ƙalau.

Dalyop ya ci, ya ƙara. Tana kallonsa tana jin kamar ita ce ke ƙoshi. Sai ta ga ya ajiye cokali yana kallon talabijin ɗin da ke kashe.

"Ko mutum ɗaya," ya ce.

"Me?"

"Ko mutum ɗaya bai ambata ba. Kamar ban taɓa yi ba." Ba da fushi ya faɗa ba. "Na san ke kika yi, Mama, kuma na gode. Ni na nema. Kawai dai a wurin aiki ba wanda ya sani. Kulob ɗin sun riga sun ba wani lambata. Cocin nan ne kaɗai ya rage inda ake tuna na taɓa yi."

 Ta samu abin da take so, ga shi zaune a teburinta, amma ba ta san da wannan kuɗin za a saye shi ba.

Sai ya juyo ya dube ta, ya lallaɓo Hausarsa mai tsami da bai taɓa ba tun yana ƙarami. "Mama, na iya kuwa? Da gaske?"

Tambayar da ya kamata ya yi wa ubansa ke nan, ko wani mai hula da ya san wasan. Ita har yau ba ta san dalilin da ya sa ake gudu a kewaye filin ba. Amma ita ya tambaya.

"Ni ban san wasanku ba," ta ce. "Abin da na gani zan faɗa maka. Shekararka ta ƙarshe a makaranta, na taso daga asibiti da fararen kayana, ban ko biya gida ba. Bencin ƙarfe ne, sanyi kamar me. Ban san wa ke ci ba. A gabana akwai wasu Turawa tsofaffi, sun fi goma, kowa da hula, ɗaya na nuna ka da wani abu kamar na busar da gashi, wai yana auna gudun ƙwallo. Suna ta surutu suna cin gyaɗa. Sai ka ɗaga ƙafa ka yi jifa. Da ƙwallon ta faɗa hannun yaron da ke tsugune, ƙarar kamar an fasa itace da gatari. Duk suka yi shiru. Ɗaya ya cire taba daga bakinsa ya dubi na kusa da shi, bai ce komai ba. Gyaɗar ma aka daina ci. Ni kuwa tsoronka na ji ranar. Na ce a raina, wannan ni na haife shi?"

Dalyop ya sunkuyar da kai. 

"Daga nan fa?" ya ce.

Daga nan babu. An kira ta aiki, ta tashi kafin a kai rabi. Sauran wasanninsa duk tana asibiti, tana cewa akwai lokaci, in ya kai babban fili za ta je ta zauna daga farko har ƙarshe. Wannan rana guda ita ce duk abin da take da shi.

Yana jira, bai ɗago ba.

Chundung ta ture kwanonta gefe, ta gyara zama, ta sake ɗauko labarin daga farko. Wannan karon a hankali ta tafi, ta fara tun daga inda ta ajiye mota.