Guda Uku Cikin Arba'in da Ɗaya

Ɗaliban sashen fim ba sa kiran malamin da ke koyar da gajeren fim na gwaji da sunansa. Malam A-Sake suke ce masa, don da wuya ya kalli aikin ɗalibi har ƙarshe bai furta kalmar ba. Auta ta sha ta sau biyu a zango ɗaya. Dama guda ta rage mata, ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu, in ta faɗi kuma sai ta maimaita shekara, 'yan ajinsu su wuce su bar ta.

Abin haushin shi ne duk ajin babu wanda ya kai ta iya riƙe kyamara. Mahaifinta mai shagon hoto da bidiyo ne, shekara talatin yana ɗaukar biki da taron yaye ɗalibai, ita kuma tun tana 'yar shekara goma take riƙe masa fitila. Shi ya koya mata ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ta riƙe numfashi, kada ta yanke kan mutum, kada ta bar fuska cikin duhu. Hannunta ya haddace har ba ya jiran umarninta.

Hannun nan ne ya ja mata. A gwaji na biyu Malam ya tsayar da fim ɗinta tun bai yi minti ɗaya ba, ya juyo ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke, wannan ai bidiyon biki ne, amarya ce kawai babu. Cewa na yi ku kawo min minti uku ba labari, ba magana, abin da ido bai saba gani ba. Kin kawo min abin da kowa ya sani, sai dai kin wanke shi tas. Tsoron me kike yi ne? A sake."

Aji ya kwashe da dariya. Wani da ya ɗaure wayarsa a fiffiken fanka ya kunna, ya kawo abin da ke sa jiri, shi aka ce ya yi ƙoƙari. Auta ta koma gida tana cin rai. Mako biyu tana ƙoƙarin lalata hoto da gangan, abu ya gagara. Ta girgiza hannu, girgizar ta fito a tsare kamar an auna ta. Ta karkata kyamara, kafin ta ankara ta miƙar da ita. Har ta fara tunanin ko dai ita ce ba ta da kan abin.

Ranar Laraba da yamma ruwa ya tsuge tana cikin bas, kyamarar Baba a jakarta. An matse ta jikin taga, wata mata mai ƙaton ƙunshi ta danne mata hannu ɗaya, ba halin manne gwiwa, ba halin saita komai. Gilashin tagar ya yi gumi, ga tsohon tsagi a tsakiya. Don haushi kawai ta ciro kyamarar da hannu guda ta danna. Da ta leƙa sai gabanta ya faɗi. Fitilun motoci sun miƙe suna narkewa, mutane sun zama inuwa masu iyo, wata jar lema tana bazuwa kamar an ɗiga rini a ruwa. Ta wuce inda take sauka, ta bi motar har ƙarshen layi, ta sake biyo ta. Har da na gwajin haske da ta yi a tasha, sau arba'in da ɗaya ta ɗauka. A ranar ta gane abin da Malam yake ta faman faɗa, daɗi ya cika ta har tana yi wa baƙi murmushi.

Dokar Baba ce kyamara ta kwana a kabad ɗin shago. Ta ajiye ta can da katin ajiyar hotuna a ciki, ta je ta cire jiƙaƙƙun kaya. Washegari tana da aji tun ƙarfe takwas, ta bar haɗa fim ɗin sai ta dawo. Abin da murna ta mantar da ita shi ne al'adar Baba ta kowace safiya, wadda yake kira tankaɗe. Kafin ya buɗe ƙofa yakan zauna da kofin shayi ya bi katin ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya yi dishi-dishi ko ya girgiza ya goge shi, don a cewarsa mai aiki ba ya kwana da kuskurensa. Ita kanta ta taya shi wannan aikin ba adadi.

Ƙarfe biyu ta shigo da sauri, ta same shi yana yanka hotunan fasfo.

"Auta, zo, zo ki gani. Na tankaɗe miki aikinki, na sa a kwamfuta. Uku ne suka tsira."

"Uku? Uku cikin me, Baba?"

"Cikin arba'in da ɗayan mana. Sauran duk hazo ne, ko fuska ɗaya ba a gani. Amma kada ki damu, na duba gilashin kyamarar, lafiyarsa lau. Ruwa ne ya cuce ki."

Ta buɗe kwamfutar. Guda ukun su ne waɗanda ta ɗauka a tasha kafin ruwa ya sauko, don gwada haske: allon tasha, tayar mota, wani mai sayar da jarida. Tsaf suke, babu abin kushewa, babu kuma abin kallo.

"Ina katin?"

"Na share shi, na je na ɗauki buɗe sabon kantin can na bakin titi. Awa biyu cur, ya cika maƙil."

"Baba, da gangan na yi! Hazon shi ne fim ɗin. Shi ake nema!"

Ya yi dariya, ya ajiye almakashi. "Haba, 'yar Baba. Wa yake yin dishi-dishi da gangan? Ba abin kunya ba ne, ni ma na yi lokacin da nake koyo. Amma 'yata ba za ta kai wa malaminta wannan ba, ya ce a gidan mai hoto ta tashi."

Ta so ta yi ihu, ta so ta ce masa duk abin da ya koya mata shi take wahalar mantawa, amma ga shi yana dubanta da fuskar wanda ya yi abin kirki yana jiran godiya. Ta ɗauki kyamarar da wani katin ta fice.

Sama kuwa ta washe tas, ko gajimare ɗaya babu. Ta shiga bas da gorar ruwa tana yayyafa wa taga, kwandasta ya tambaye ta ko lafiya. Ta huro numfashi a gilashi, ta riƙe da hannun hagu, ta rufe ido ɗaya. Ɗigon ruwan ya fito ɗaya-ɗaya yana sheƙi kamar tallar sabulu. Da ta san abin da take nema, sai hannun ya koma halinsa. Ta sauka a tasha ta huɗu da ciwon kai.

Ranar Juma'a ta haɗa guda ukun da abin da ta samu na yayyafin gora, ta kai. Ta fara yi wa Malam bayanin ruwan Laraba, ya ɗaga hannu.

"Fim ɗin da ya ɓace kowa yana da shi, kuma kullum shi ya fi kyau. Kunna wanda kika kawo."

Wannan karon ya kalla har ƙarshe. Bai ce a sake ba, don babu sauran sakewa. Ya yi rubutu a takardarsa, ya ce, "Aiki mai tsafta. Sai baɗi."

Da ta sauka daga bas ta hango Baba a ƙofar shago, ya fito da kujera waje, abin da ba ya yi a ranar aiki. Yana ganinta ya miƙe.

"To, yaya? Wanne ya fi burge shi cikin ukun? Ni dai na ce mai jaridar nan, kin ga yadda haske ya zauna masa a fuska?"

Shekara guda ce ta tafi, kuma ko yau ko gobe sai ta faɗa masa. Ta dubi tsohon, ga guntun takardar hoto maƙale a hannun rigarsa.

"Shi ne, Baba," ta ce. "Ya ce aiki ne mai tsafta."

"Ai na faɗa miki!" Ya karɓi jakar daga kafaɗarta yana murmushi. "Kawo katin jiya ma in tankaɗe miki."