Hannun Tsuntsuwa a Kwari

Akwati ɗaya, katifa a naɗe, risho, fararen kayan aiki, caja, da makullin gidan da ba ta taɓa gani ba. Abin da malamar jinya ta ɗauko ke nan a motar ƙanenta, kuma tuni sun bar kwalta sun fara gangarawa kwari.

Ƙaramin asibitin da ke ƙasan kwarin ta daɗe tana nemansa. Ita ce za ta zama babba a can, babu mai tsaya mata a ka. 'Yarta kuwa ta bar ta wurin kaka, don makarantar kurame a birni take. Yarinyar ba ta ji, da hannu take zuba surutu, shi ya sa ake ce mata Tsuntsuwa. Sun yi alkawari kullum in an tashi makaranta za su yi hira ta bidiyo.

Gyangyaɗi na fizgarta, idonta na kan ɗan rubutun da ke kusurwar waya. 4G. Suka zagaye wani dutse, ya koma H. Ya sake leƙowa 4G, kamar baƙon da ya yi sallama ya fasa shiga. Sai E.

Ta ce, "Wayar nan ta zare."

"Lafiyarta ƙalau, Yaya," in ji ƙanen, wanda gyaran waya ne aikinsa. "Ƙarfen sabis yana can bayanmu. Shi 4G doki ne, ga gudu amma ba ya son dutse. Da waya ta ji ya yi rauni sai ta sake shi ta kama tsohon. Tsohon kuwa jaki ne, ko'ina yana shiga, sai dai kaya kaɗan yake ɗauka."

"Bidiyo fa?"

"Kin taɓa ganin jaki da firji?"

Gidan ɗaki biyu ne, tagarsa na kallon kogi. Tururin ruwa ya kwanta a kan bishiyoyi, ƙarar kogin kamar ana hira a ɗakin maƙwabta. Wurin ya kwanta mata. Ta riƙa bin bango da waya a sama, kamar mai neman inda rufi ke yoyo. A tagar banɗaki harafin ya koma H, sai ga kira ya shigo.

Tsuntsuwa ce, da kayan makaranta, ga gurbin haƙorin da ya fita. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, hannayen suka tashi. Ta yi mafarki. Wani ƙaton kifi ya shigo ɗaki, yana iyo a sama kusa da fanka. Kaka ta ɗauko tsintsiya. Kifin ya juyo, ya buɗe baki...

Hannayen suka tsaya cak a iska. Fuskar ta farfashe, ta narke kamar zane a ruwa. Uwar ta yi ɗage, ta miƙa wayar waje ta taga. Da hoton ya dawo, labari ya ƙare, yarinyar na ta ƙyalƙyala dariya.

Hannayen suka tambaya: kin gani?

Ta gyaɗa kai, ta yi murmushi.

Amma yarinyar da ba ta ji, fuska take karantawa. Ta ƙura wa uwar ido. A hankali ta sauke hannayen a cinya, ta bar su a nan. Harafin ya koma E, kiran ya yanke.

Ƙanen ya leƙo daga bakin ƙofa. "Ku riƙa rubutu mana. Rubutu kam jaki yana kawowa."

Kafin ya rufe baki saƙo ya shigo. Ta juya masa wayar. An rubuta: Mama kifi.

"Mafarkin ke nan gaba ɗaya," in ji ta. "Bana ta fara haɗa baƙi."

Ya sosa ƙeya. "To, tudun can da muka wuce akwai 4G. Kya riƙa hawa da yamma."

"In bar mai naƙuda a gado in hau dutse?"

Ya koma wajen mota. Ta ɗan jima a jikin tagar tana kallon tururin yana ɗagawa daga kogi, yana buɗe wata siririyar hanya da ke bin gaɓa. Da za ta zauna, da kullum da safe za ta riƙa bin ta.

Ta fito, ta ja ƙofar ta rufe.

"Juya motar. Su ba wata wurin, ni birni zan koma."