Ɗaya Hannun

Tela ne ya saba wa ƴar kyanwar wasa da yatsunsa. Da ya rasu, sai ta koma kan hannun matarsa.

Ƙanwar matar ta ga sawun haƙora, ta riƙe baki.

"Haba Yaya, hannu abin wasa ne? In ta cije ki, ki ce mata kul, ki tashi. Ga ƙyallaye nan, ki ɗaura a zare ki riƙa ja mata."

"To," kawai ta ce.

Tun ranar jana'iza ko gishirin miya ba ta ji. Ƙanwar na fita, kyanwar ta laɓaɓo ta kafa mata haƙori a yatsa. Wannan kam ta ji shi har ƙashi, sai ta miƙa mata ɗaya hannun.